Sallar da Ban Je Affala Ba

Damina ce, kuma mai kyau. Babbar Sallah ta shekarar nan ta faɗo lokacin da gero ya fara fid da kai, ruwa yana sauka kusan kowane kwana uku, tabkin bayan unguwarmu a Tawa ya cika har awaki sun canja hanya. Rumbuna sun yi ƙasa kamar kullum a irin wannan lokaci, amma duk wanda ya leƙa gona ya san bana za a ci. Mutane suna cikin fara'a. Ni ma ina yi musu fara'a, sai dai abinci ba ya shiga mini, kuma ba wanda ya san dalili.

Rabi, ke kika sa na ɗauki alƙalami. A satin bikinki kin same ni a madafa kika tambaye ni ko da gaske ne abin da gwaggonninku suke faɗa, wai ni na hana Kaka ganin ɗanta a Sallarta ta ƙarshe. Na ce miki ki bari hidima ta wuce. Ta wuce, babanku ma Allah ya yi masa rasuwa, ba sauran wanda maganar za ta cuta. Da gaske ne, ni na hana. Ga yadda aka yi, ku karanta ku uku, ke da Ladi da Abdu.

Lokacin babanku yana shekara ta huɗu a Libiya, wurin bida, wato neman kuɗi, yana aikin gini. Ladi tana da sha huɗu, Rabi tara, Abdu kuwa da cikinsa aka tafi aka bar ni, bai san ubansa ba sai a waya. Kowace Babbar Sallah nakan kwashe ku da ragon da na turke mu tafi Affala, babban gida. Can Baba Illa, yayan babanku, yake yanka ragunan gidan duka, nasa da na ƙannensa da ke waje. Haka aka saba tun kafin a kawo ni. A farkon shekarar nan babanku ya aiko mini da salula mai hoto, irin wadda ake kira a ga juna. Karatun yaƙi da jahilci da na yi ya yi mini rana, don da kaina na koyi inda ake taɓawa. Labarin salular ya kai Affala tun kafin in iya ta. Inna, kakarku, ta aiko a gaya mini ba ta son komai a Sallar bana, ba zane ba sabulu, in dai zo da abin nan ta ga fuskar ɗanta. Duk wanda ya zo daga can sai ya ce mini tsohuwa tana ƙirga kwanaki.

Saura sati biyu Sallah, da hantsi ina tankaɗe, salula ta yi ƙara. Na ɗauka, sai na ga fuskar wani. Ya ce sunansa Agali, mutumin Takanamat, ɗaki ɗaya suke da babanku. Ya yi ta gaisuwa, yana tambayar gida da yara da ruwa, har na ce masa ya faɗi abin da ya kira ya faɗa. Ya ce katakon da magina ke takawa ne ya karye da babanku daga hawa na biyu. Cinya ta karye, muƙamuƙi ya tsage, likita ya ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da ƙarfe. Sannan ya juya salular. Na ga mutum kwance a katifa, kumatu sun kumbura sun yi baƙi, leɓe ya fashe. Ta idonsa na gane shi. Da ya yi magana, ta tsakanin haƙora take fitowa, sai na kasa kunne sosai.

"Abu, kada Inna ta ji."

Na ce, "Malam, abu kamar wanga ana ɓoye shi?"

"Kin san abin da ya same ta lokacin Hamidu. Ki yi mini wanga. In na warke ni da kaina zan kira ta."

Hamidu ƙanensa ne, wanda ya rasu a hanyar sahara shekara biyu kafin nan. Ranar da aka kawo wa Inna labarin, a tsaye ta faɗi, kuma tun daga ranar hannunta na hagu bai ƙara ɗaukar ludayi ba. Likita ya ce hawan jini ne, a kiyaye ta da tashin hankali. Baba Illa kuwa mutumin kirki ne, amma ba ya iya riƙe magana. Abin da ya ji da safe, matansa sun ji da hantsi, Inna ta ji kafin azahar. Babanku bai iya ma kiransa ya ɗauki laifin a kansa ba, don kalma ɗaya zai faɗa a gane bakinsa ba daidai yake ba.

Sai ya ƙara wata maganar, wadda ta fi ta farko zauna mini. Ya ce tun da ya yi wayo bai taɓa rasa idi ba, bana zai rasa. Ya ce ba ya son ya wuni yana kallon rufin ɗaki. In zai yiwu, a yanka ragonsa a cikin gidansa yana gani, ya ga yaransa da kayan Sallah. Na ce to. Na gama tankaɗena, don tuwon rana ba ya jira.

Saura kwana uku na kira Baba Illa na ce masa bana a Tawa za mu yi Sallah.

"Lahiya? Wani ba shi da lahiya?"

"Lahiya lau, Yaya. Hanya ce da ruwa."

"Wane ruwa? Motoci kullum suna tahowa. Jiya ma anka kawo mana siminti. Ke, Inna na jiran ki da abin hoton nan."

Na ce ya yi haƙuri. Sai ya kashe. Na san bai yarda ba, amma ya ɗauka zan sake shawara, don a shekara goma sha shida ban taɓa cewa a'a a gidan nan ba.

Ranar Sallah gari ya waye da hadari a gabas, amma bai sauko ba. Na yi muku wanka, na sa muku kaya, kuka bi maƙwabta idi. Na riga na roƙi Malam Sule na gidan da ke kallon namu ya yanka mana. Da aka sauko, aka ce liman ya yanka nasa, Malam Sule ya gama da ragonsa ya shigo da wuƙa a hannu, hannun rigarsa a naɗe. An haƙa rami, an kwance ragon, fari mai baƙin wuya wanda na yi wata bakwai ina ba shi dusa da harawa. Sai Malam ya tsaya.

"Maigidan ya wakilta ni?"

"Ya ce a yanka, Malam."

"Ke ya ce ma. Layyar mutum ba a yanka mai ita da saƙo in ana iya jin bakinshi. Tunda kina da abin kira, kira shi."

Na kira, rezo, wato layin waya, ya ƙi. Ranar Sallah duk Tawa kira take yi, kowane gida da nasa a Abijan ko Libiya ko Aljeriya, layin ya cushe. Na kira sau bakwai. Na je bakin rijiya, na koma zaure, na hau kan turmi da sabon zanena ina ɗaga hannu sama. Malam Sule ya zauna a kan tabarma yana duba agogo, don gida huɗu ke jiran wuƙarsa. Na san can wajensu rana ta riga tamu da awa ɗaya, na kuma san babanku ba ya sa komai a baki ranar layya sai an gasa hantar ragonsa. Mutum mai karaya, yana shan magani, yana zaune da yunwa yana jira na.

"Matar Mamman, in tahi in dawo?"

"Ka ƙara mini kaɗan, don Allah."

A na takwas ya shiga. Ban sauko daga turmin ba, don kada ya yanke. Hoton ya tsaya, ya motsa, sai ga mutum jingine da bango cikin farar riga, da rawani shuɗi ya rufe kai da hanci da baki, ido kawai ake gani. Rawanin Agali ne. Su biyu suka yi wannan dabarar, ni ma ban sani ba sai da na gani. Na sunkuyar da salular, kuka taru a gindin turmi. Rabi, ke kika fara fashewa da dariya.

"Mama, Baba ya zama Buzu!"

Daga bayan salular muka ji Agali yana cewa ai ci gaba ya samu, da can ina ya iya naɗi. Malam Sule ya matso yana dariya shi ma, ya ce, "Kai, Mamman, in kai ne a ciki ka yi magana, kada in yanka ragon wani." Babanku ya ce a hankali, "Na wakilta ka, Malam." Malam ya dube shi ɗan lokaci, ya dube ni. Har ya bar duniya bai taɓa tambayata ba. Aka kayar da ragon aka fuskantar da shi alƙibla, ya yi bisimilla da kabbara ya yanka. Ina tsaye a kan turmi, hannuna biyu riƙe da salula ina nuna ramin, ban ga yankan da idona ba sai ta cikin gilashin, kamar yadda shi ma ya gani. Na ji ya ce alhamdu lillahi sau uku.

Da mahauci ya feɗe, na karɓi hantar na gasa a kan garwashi na yayyanka a faranti. Rezo ya ɗan saki lokacin, na jingina salular a jikin turmi, muka zauna a tabarma muna fuskantarta. Can kuma Agali ya samo hanta wurin maƙwabtansu, ya dake ta ya dama da romo a kofi, don abin da babanku ke iya sha ke nan. Ya riƙe kofin bai sha ba sai da ya ga kowannenku ya ɗauki yanka. Sannan ya ɗaga ƙasan rawanin kaɗan ya shigar da kofin, yadda mutanen arewa ke yi. Kuka ce shayi yake sha. Abdu ya tashi da tsokarsa ya manna a gilashin wai Baba ya ci, sai da na goge man da bakin zane. Babanku bai yi magana da yawa ba, na ce muku rezo ne. Ladi kaɗai ta daɗe tana kallonsa ba ta dariya.

Haka muka wuni. Aka buɗe ragon aka ɗaure shi a kan sanduna biyu a gicciye, aka shafa gishiri da yaji, aka kafa shi a gefen wuta a ƙofar gida tare da na maƙwabta, kamar yadda ake yi. Naman ba a taɓa shi sai washegari, ranar farko kayan ciki ake ci. Ina suya, in kira ya yanke in sake kira. Ba hira muke yi ba. Ya ce in bar shi kawai ya ga tsakar gida. Ya ga an kori kaza daga faranti, ya ga Rabi ta ɓata da Ladi kan ɗankwali, ya ga hayaƙi yana shigowa ta zaure. Wani lokaci in duba in ga ya rufe ido, in na matso sai ya buɗe. Sau ɗaya ya ce, "Bishiyar nan ta girma." Dogonyaron da ya dasa ne kafin ya tafi.

Bayan la'asar na ji babur ya tsaya a ƙofa, na ji sallamar Baba Illa. Kafin ya fito daga zaure na kai hannu na kashe kiran, na kifa faifai a kan salular. Ya shigo da taɓo har gwiwar wandonsa. Mata biyu na maƙwabta suna taya ni suya, suka gaishe shi suka koma gefe. Na durƙusa na yi masa barka da Sallah. Bai zauna ba.

"Ba rago na zo ɗauka ba, ku ci abinku. Inna tun sahe ba ta ci komi ba, tana zaune bakin ƙofa. Ta ce ko ba ki zo ba, a kawo mata salula ta ga ɗanta. Ba ni, gobe in maido miki."

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri."

"Ta lalace?"

Da na ce ta lalace, da ƙila ya tafi. Kafin in buɗe baki, Rabi, kika zo da gudu kina ba shi labari. Ban taɓa riƙe ki da wannan ba, yarinya ce ke kina murna.

"Baba Illa, mun ga Baba! Ya sa rawani, ya sha shayi!"

Ya dube ki, ya dube ni.

"Kun gan shi. Ku kun gan shi. To kira shi yanzu gabana."

"Ba zan kira ba, Yaya."

"Ba ni ita."

"Ba zan ba da ba."

Ban ɗaga kai ba, ina kallon taɓon takalminsa. Ya ce don an aiko mini abin birni na ɗauka na fi gidan da aka ɗauko ni aka kai. Ya ce shekara huɗu suna riƙe da ni da yarana kamar 'yar gida, ashe jira nake in samu hanya. Sannan ya ce, "Ke kinka haihe shi?" Na ce a'a. Ya ce, "To uwatai na can tana jira, mi zan ce mata?" Ya tsaya har man da ke kan wuta ya fara ƙauri, ya juya ya fita. Ko ruwa bai sha ba. Matan nan biyu suka tafi, kuma kafin magariba unguwa ta ji.

Da na idar da magariba na shiga ɗaki na kira babanku ni kaɗai. Ya cire rawanin, don zafi. Ya tambaye ni me ya sa na kashe, ya ce ya ji sallamar yayansa. Na gaya masa duka, ban rage ba. Hawaye ya fara bin kumburin nan.

"Abu, gobe ki gaya musu. Ba ni son a ɓata ki saboda ni."

"In na gaya ma Yaya, Inna ta ji. In ta ji za ta ce sai ta gani. Ka duba madubi yau?"

Ya ce bai duba ba.

"To bari sai an cire ƙarhen. Magana ce kawai za su yi, ba ta karya ƙashi."

Ya ce Allah ya yi mini albarka. Na ce amin, na tambaye shi ko ya sha magani.

Mun yi lissafin sati shida. An cire ƙarfen a na bakwai, ya kira Inna ta salular Baba Illa, wadda ba ta da hoto, suka yi magana ta ji muryarsa. Muka ce in kumburin ya gama sauka zan kai mata tawa da kaina. Ana cikin yankan gero ta kwanta, kwana biyu Allah ya karɓi abinsa. Ba ta ga fuskarsa ba. Da babanku ya dawo bayan shekara biyu yana ɗingishi, ya gaya wa Baba Illa komai. Baba Illa ya zo ya zauna a zauren nan ya kasa haɗa magana, daga baya ya aiko mini da buhun wake. Wannan ce magana ɗaya da na san ya riƙe a rayuwarsa, ina jin don kunya. Shi ya sa gwaggonninku har yau tsohon labarin suke da shi, kuma kada ku yi faɗa da su, abin da suka gani suke faɗa. Ni kaina ban san ko daidai muka yi ba. Wata rana in ce mun kare ta, wata rana in ce da ta gan shi a kumbure da ya fi rashin gani. Abin da na sani, ya roƙe ni na ce to.

Washegarin Sallah na tashi da asuba. Na sauke ragon daga sanduna, na fid da rabon maƙwabta da na Malam Sule, na cire cinya guda da rabin haƙarƙari na naɗe a takardar siminti na sa a kwano. Salular na kulle ta a akwati, na ɗaura makullin a bakin zanena. Na bar ku wurin matar Malam Sule, na hau kabu-kabu zuwa tasha, na shiga motar farko ta Affala.

Na tarar da matan gida a tsakar gida suna rabon nama. Na yi sallama, ɗaya ce ta amsa. Inna tana zaune a bakin ƙofarta, hannun nan a kan cinya. Na durƙusa na ajiye kwanon a gabanta na gaishe ta. Ba ta dubi kwanon ba, hannuwana ta duba.

"Kin zo da ita?"

"A'a, Inna."

Sai ta sake tambaya.

"Lahiyarshi?"

"Lahiya lau, Inna. Yana gaishe ki."

Ta juyar da kai wajen bango. Sai na tashi na ɗaura ɗankwalina da kyau, na ɗauki wuƙa daga cikin tire. Ba wadda ta matsa mini a tabarma, don haka na zauna a ƙasa kusa da su na jawo ƙafar rago na fara yanka.